Hular Baba a Hannun Mai Dabo

Ni na kai shi, wannan ne yake ci mini rai har yau. Ba wanda ya sa ni.

Wata uku ke nan da yi wa Baba aiki a kai a asibitin Shika. Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi, amma ya bar masa tabon ɗinki daga goshi har bayan kunne, ga wani wuri da ya loɓa, gashi ya ƙi fitowa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a firamare, kowa a Bomo ya san shi, sai ga shi ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Yana zaune wurina a Samaru, hula ba ta barin kansa ko zai kwanta. Likita ya ja mini kunne, ya ce lallai ya riƙa shiga mutane, in ba haka ba zaman ɗakin nan sai ya fi ciwon yi masa illa.

Shagon buga takardu gare ni, kullum cike da ɗalibai. Su suka ishe ni da labarin wani mai dabo da barkwanci da zai yi wasa ranar Asabar bayan la'asar a wani ɗakin taro a Sabon Gari. "Anti, wallahi sai cikinki ya ƙulle don dariya." Na san Baba da son raha. Kwana huɗu ina lallashi kafin ya ce, "To, Mamana, tunda kin matsa." Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Muna shiga wasu samari suka yi zumbur suka ba mu kujerun gaba. Har albarka na sa musu, ni wawiya! Daga baya na gane ba ladabi ba ne. Duk wanda ya san irin wasan nan gudun layin gaba yake, don nan mai dabo ke tsintar wanda zai yi wa wulaƙanci.

Ya fito cikin wata kwat mai ƙyalli, zufa ta jiƙa hammatarsa sharkaf. Ya haɗiye reza biyar, ya zaro su a jikin zare, yawu na dalala har kan takalminsa. Ya tura ƙusa a hanci, ya ciro ta ya lashe. Kai, tir! Barkwancin kuwa ba komai ba ne sai zagi, da Hausa da Turancin burokin: wannan mai tumbi, waccan mai haƙora. Jama'a sai shewa suke. Ni kam na ɗauki jaka zan ce mu tafi, sai na ga Baba yana murmushi. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin asibiti. Na ajiye jakar.

"Baba mai farar riga, taso ka taimake ni!"

Na riƙe masa hannu. Amma Baba bai iya a kira shi a bainar jama'a ya ƙi tashi ba. Ya hau dandamalin a hankali, yana dafa bango.

Ko sallama ɗan iskan nan bai yi ba, ya kai hannu ya fizge hular. Hular dattijo, jama'a! A gidanmu ko faɗuwa ta yi ƙasa da hannu biyu ake miƙa masa. Na ce a raina yanzu zai ji kunya ya mayar. Ina! Sai ya leƙa kan Baba, ya ja da baya yana zare ido, ya ce, "Wa ya fara yanka kankanar nan bai gama ba?"

Aka kwashe da dariya. Wayoyi suka tashi sama.

Na miƙe ina ihu, ban ma san me nake faɗa ba, lasifika ta danne muryata. Wata mata a bayana ta ja mini mayafi, wai in zauna ina tare mata. Shi kuwa ya shiga zaro ƙyallaye daga bakinsa, ja, kore, rawaya, duk jiƙe da yawu, yana cusawa a cikin hular. Baba na tsaye, ya ɗora tafin hannu a kan tabon, hannun bai rufe ko rabi ba. Mai dabon ya buga hular, ya kife, ƙyallaye sun ɓace. Aka yi ta tafi.

Ya miƙa wa Baba hularsa. Daga inda nake ina ganin cikinta ya yi duhu da danshi. Baba ya dube ta, ya dubi mutane. Mutumin da ko kofi ba ya haɗawa da kowa. Ya ɗaga ta ya sa a kansa, ya gyara mata zama, ya ce, "Na gode."

Na hau na kamo Baba, na yi wa mai dabon Allah ya isa a fuskarsa, shi kuma ya kwaikwayi muryata, aka ƙara dariya.

A cikin keke har Samaru ban daina masifa ba. Zan kai ƙara, zan sa a goge bidiyon, zan yi kaza. Sai da muka shiga gida, Baba ya kama ƙofar ɗakinsa, sannan ya juyo.

"Mamana, in masu gaisuwa sun zo gobe, ki ce musu ina barci."

Wata bakwai na yi ina faɗa wa mutane haka a bakin ƙofa, yana ciki yana jina.