Firigon ƙwan zabi a ɗakina

Ni dai an san ni, ba ni son fita. Ko kasuwar Illela, da ke nan kusa da mu, sai an ja ni. To shekarar da autata ta dawo hutu daga lakwal ɗin koyon lantarki, sai ta samo mini abin da zai ƙara zaunar da ni gida.

Wani mataccen firigo, wato firijin sanyaya ruwa, ta jawo daga shagon ƙanen mijina. Ta wanke shi, ta sa mishi fitila da ƙaramar fanka da kwanon ruwa, ta ja waya zuwa batirin sola. Cikin firigon ta rataya wani ɗan farin abu mai huje-huje, wai shi ke jin zafi da damshi. Waje kuma ta liƙa wani ɗan allo kore, bai kai tafin hannuna ba. Sai ta zauna bisa tabarmata da ordinatar, wato kwamfuta, tana ta ƙwanƙwasa.

"Mi kike rubuta mishi, auta?"

"Umarni, Inna. Shi ba ya da wayo ko na sisi. Abin da anka gaya mishi, shi yake yi. Na ce ya riƙa tambayar farin can, in zafi ya yi yawa ya kashe fitila."

Damina ta faɗi, zabi sun fara ƙwai, munka jera su ciki. Da can kaza nike ba ƙwan ta kwanta musu, rabi ta watsar, rabi muzuru ya ɗauke.

Ranar da ƙanen mijina ya leƙo ya ga abin yana aiki, nan take ya tuna firigonshi ne.

"Matar yaya, wanga ba kayan ɗakin mata ba ne. Lamba yake nunawa. Ke da ko lambar wayarki sai an karanta miki?"

"Kai da ka iya lamba, mi ya hana ka tada shi tun yana shagonka ɓeraye na haihuwa ciki?"

Ya yi dariya, amma ya ce in auta ta koma lakwal zai zo ya kai shi shago. Maigida dai ba ya shiga tsakaninmu.

Gaskiyarshi guda ce, ba ni karanta lamba. Na ce ma auta, tunda abin yana jin magana, ta gaya mishi ya yi mini da baki. Ta sa mishi wata 'yar ƙararrawa. Kukan farko da ta rubuta kamar na gyare, na ce ta sake, damina ce, gyare ya cika gida. Na biyu kamar motar asibiti, na ce wannan sai ya tara mini maƙwabta. Daga ƙarshe na ɗauki muciya na buga mata a gindin turmi, irin luguden da muke yi mu biyu. Na ce wannan na zafi ne, in fanka ta kasa. Na damshi kuma bugu guda-guda, a hankali. Ta yi ta gyarawa, ina cewa "sassauta, kin yi sauri," har ya zauna daidai kunnena.

Auta ta koma. Ina tankaɗe, ina wanki, kunnena na ɗaki. In na ji guda-guda, in ƙara ruwa a kwano. In na ji lugude, in buɗe ƙofar firigo kaɗan, in yi fifita.

Sai ga bikin ɗiyar ƙawata a Dogarawa, kwana za a yi can. Ƙwai kuwa sun fara motsi, in ka kara kunne kana jin ƙus-ƙus. Mata sunka taru ƙofar gida da ashobi, mota na jira, ni ina zaune da zanen aiki. Daidai nan ƙanen mijina ya iso da amalanken jaki.

"Tashi ki shirya, matar yaya. Ni zan riƙe miki ƙwan."

Na jawo kujera na zauna tsakar ƙofar ɗakin.

"Ba ni zuwa."

Wata ta tafa hannu. "La'ilaha! Ta zama kaza, kwanci take!"

"Eh, kwanci nike. Kun taɓa ganin kaza ta tashi don an buga kalangu?"

Ƙanen mijina ya ce firigonshi ne. Na ce ya ɗauki firigonshi, amma ya ɗauke ni da kujerata tukuna, jakin nan kuwa na ga bai ci abin kirki ba. Matan sunka fashe da dariya, direba ya yi ta oda, sunka tafi. Mai firigo ya tsaya yana kaɗa bulala, can ya juya amalanke wayam.

Ƙawata ta yi fushi da ni har kaka, kuma tana da gaskiya, sai da na taka da kaina na ba ta haƙuri. Ƙwai ma ba duka sunka fashe ba, wasu sun yi bara-gurbi. Amma 'yan zabin da sunka fito, a ɗakina sunka fito, kuma firigo bai motsa daga bayan ƙyaurena ba.