Man Shanun da Na Zuba wa Masu Ba da Jini

Da koko kawai na dama musu a safiyar nan, da yanzu mijina Alhaji yana raye? Na tambayi likita, ya ɗaga kafaɗa. Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce ajali ne, kamar da can ban sani ba. 'Yata, wadda ke rubuta wannan magana tawa, ta ce ba a iya sani. Duk shekarun da ta yi tana karatu a Faransa, tsarabar da ta kawo mini ke nan.

Aikinta ɓeraye ne. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina bin su da taɓarya a ɗakin ajiyar Alhaji, na haifi mai ba su abinci a ɗaki mai sanyi. Wai a jikin kowane mai rai akwai rubutun da ya gada daga iyayensa, jiki yana kwafarsa kaɗan-kaɗan yana aika saƙo a yi jini, a yi tsoka, ita kuma kwafin na ɓera take karantawa. Ashe har ɓera da rubutu yake yawo, ni kuwa ko sunana ba na ganewa a takarda.

Ciwon mijina da dasashi ya fara. In ya yi asuwaki sai jini. Daga baya haɓo ya zo, ya ƙi tsayawa, ga tabo baƙi-baƙi a hannuwansa kamar an yi masa duka. A asibitin garinmu Garwa likita ya ce akwai wasu ƙananan abubuwa a cikin jini masu toshe ciwo, suna ce musu filaket, na Alhaji sun kusa ƙarewa. Sai an ɗebi jinin mutum biyar, a juya shi a inji, a tace wani ruwa rawaya daga ciki, sannan a samu abin da zai ishe shi sau ɗaya. Kuma ba ya ajiyuwa, kwana kaɗan ya lalace. Na kira 'yata a waya ina kuka. Ta ce ta san ciwon sosai, a ɓerayenta ma sun gano inda saƙon ke tsinkewa. Na ce Allah ya ƙara wa ɓerayen lafiya.

Dangi kuwa sun yi ƙoƙari. Sun cika barandar asibiti da manyan riguna da kwanukan abinci, addu'a har sai da malamar asibiti ta ce a rage murya. Da aka ce ana neman jini, sai ga kowa da larurarsa. Yayan Alhaji ya tuna yana azumin nafila. Ɗan baffansa, wanda rabonsa da tafiya tun bara, ya ce motarsa ta kaya na jiransa a Ngawundere. Wani ya ja ni gefe ya ce ya ji ana sayar da jinin a Kudu. Kwana uku muka yi kafin muka haɗa biyar: ƙanen Alhaji, da masu ɗaukar kaya biyu na shagonsa, da maƙwabcinmu Bafulatani, da wani tela ɗan Kudu, Kirista, wanda bai san za a sayar da jininsa a garinsu ba.

Malamar asibiti ta ce su zo gobe da hantsi, ta miƙo mini wata 'yar takarda da Faransanci. Na ɗauka ta shiga ƙofa ce. Na ninke ta na ƙulle a bakin zane don kada ta ɓata. Ba ta kuwa ɓata ba, har yau tana cikin adakata.

Ku da kuke karatu, ku gaya mini. Mutum zai ba mijinki jinin jikinsa, ki bar shi ya fita da ruwan koko a ciki? A gidanmu ko mai kawo saƙo ba ya tafiya haka. Tun da asuba na hura wuta. Na yi waina, na soya naman rago da kitsensa, na dama fura da kindirmo mai kauri, na narka man shanu na malala a kan komai har yana ƙyalli. Suka zauna a zaure suka ci. Tela ya ce ya ƙoshi, na aika a ƙara masa. Ina cewa a raina, yau Alhaji zai samu jini mai ƙarfi.

Da la'asar malamar ta kira ni, ta ɗaga wata jakar roba. Abin da ya kamata ya fito rawaya garai-garai ya fito fari kamar nono. Ta ce, "Hajiya, me kika ba su?" Na lissafa mata, har da ɗan alfahari. Sai ta tambayi takardar. Na kwance bakin zane, ta karanta mini: su ci abu marar nauyi, ban da mai, ban da kitse, ban da nono. Layi uku ne kacal. Ta ce wannan ba ya ƙaruwa ga marar lafiya, kuma mutanen nan biyar ba za a sake ɗibar jininsu ba sai bayan watanni. Jan jinin dai an ajiye wa wasu masu bukata. Ina fata ya yi musu daɗi, da man shanu mai kyau aka yi shi.

Muka koma neman wasu biyar. Yayan Alhaji har lokacin bai gama azuminsa ba. Mun samu biyu, muna jiran na uku, sai Alhaji ya fara cewa kansa na sarawa. Likita ya ce jini ne ke zuba a ciki.

Ban yi niyyar gaya masa ba, amma shekara arba'in da wani abu ban taɓa ɓoye masa ko fashewar tulu ba. Na zauna a bakin gado da rana tsaka, zafin Garwa ya hana kowa motsi, na faɗa masa duka, har da ƙarin da na yi wa tela. Ina kuka kamar yadda nake yi yanzu, 'yata tana ce mini mu tsaya, ba zan tsaya ba. Idonsa a rufe, na ɗauka bai ji ba. Can ya tambaya ko sun cinye. Na ce tas, har sun suɗe kwano. Ya lalubo hannuna ya riƙe. Magana ɗaya ya ƙara, daga ita bai sake wata ba har ya cika washegari.

Ya ce, "To share hawayenki, Hajiya. Ba wanda zai ce ya ba ni jini ya fita gidana da yunwa."