Ranar da Aka Ƙi Gaida Malam Tanimu

Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin Sallah bakin kasuwar Funtua ya san Malam Tanimu tela. Tun yana saurayi ya hau keken ɗinki, bai sauka ba sai da furfura ta cika gemu, tumbi ya fara gogar teburi. Mutum ne da ko akuya ya gani sai ya tambayi lafiyar mai ita. In ya kama hannunka kuwa, ka haƙura da saurinka, don sai ya ji labarin gida da gona da ƙafar surukarka da ta kumbura bara.

Wata rana da damina jiri ya kwashe shi a shago, ya zube kan yadin mutane. Likita bai ɓoye masa komai ba. Hawan jini ne, kuma ya yi nisa. In bai riƙe magani ya riƙa motsa jiki har gumi ya karyo ba, ɓarin jikinsa na iya shanyewa, ko abin da ya fi haka. Matarsa Lauratu tana tsaye ta ji, ita kuwa ba ta da mantuwa.

Haka Malam Tanimu ya fara zagaye filin ƙwallon firamaren unguwa bayan sallar asuba, yana sassarfa da takalmin da ɗansa ya aiko daga Kaduna. Sai dai hanyar gona ta bi ta gefen filin nan. Da ya ɗaga ƙafa sai ga mai fartanya, sai a tsaya. Ya sake ɗagawa, sai ga mai kai masara kasuwar Bakori ya kashe babur. Wanda ya fi kowa cin lokaci shi ne Malam Bature, tsohon manomin da ke zama gindin darbejiya, wanda ya girme shi nesa, ba kuma yadda za a yi a gaida shi a tsaye. Rana za ta fito, Malam Tanimu ya dawo gida cike da labari.

Lauratu ta shafa bayan rigarsa, ta ji ta bushe ƙayau. Ta ce, "Malam, gudu ka tafi ko majalisa?"

Ya ce, "To in wuce mutane kamar jaki?"

Da aka koma asibiti, awon bai sauka ko kaɗan ba.

Ran nan ya fita kamar kullum. Ya yi wa mai fartanya sallama, mutumin ya amsa a gajarce ya ƙara sauri. Mai babur ya ɗaga hannu kawai ya wuce. Malam Bature ma ya amsa sallama ya kau da kai, ya shiga kallon wata gonar dawa kamar bai taɓa ganin dawa ba. Malam Tanimu ya yi ta zagaye yana lissafin wanda ya ɓata wa, har gumi ya jiƙe shi sharkaf bai sani ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don shi a duniya ba abin da ya tara sai mutane.

Daga ƙarshe ya kasa daurewa, ya je ya durƙusa gaban tsohon yana haki. "Yaya Bature, don Allah mi na yi maku?"

Tsohon ya ɗago ya ce, "Ba ka yi komi ba, Tanimu. Iyalinka ce ta bi gidajenmu jiya, gida-gida. Ta durƙusa a zaurena tana hawaye, ta ce in dai muna son ka, mu bar ka ka wuce." Ya share ido da bakin hula. "Tashi ka ci gaba. Ni ma ba daɗi nake ji ba."

Malam Tanimu ya miƙe, ya koma kan fili. Da ya sake zagayowa ta gindin darbejiya sai ya saci kallo. Malam Bature ya juya fuska gefe, amma leɓensa na motsi. Ina kwana yake yi masa a hankali, yana tambayar gida da iyali, yana kuma amsa wa kansa.