Ranar da Baturiya ta ce wa Lantana ja'ira

Ban taɓa mantawa da ranar da aka zo duba koyarwar Malama Halima ba. Lokacin UPE ne, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, kuɗin mai sun shigo, gwamnati na ta dasa azuzuwa ko'ina, malamai kuwa sai an tona. Ina riƙe da aji huɗu a wata firamare a gefen Mairuwa, da 'yar takardata ta shaidar malanta, Giret Tu, ina jin kaina kamar gwamna.

Sai aka kawo mana wata ɗaliba daga Ingila ta yi gwajin koyarwa na zango ɗaya. Sunanta Helen, mutanen gari suka mai da ita Halima. Ku da ba malamai ba, ka'idar gwajin ita ce a haɗa ɗalibi da malamin aji, ya yi ta koyarwa, a ƙarshe mai dubawa ya zo daga kwaleji ya ba shi maki. Hedimasta ya haɗa ta da ni. Na yi murna ƙwarai, don na samu mai yi mini aiki ina hutawa a gindin darbejiya.

Yarinyar kirki ce, tana ta fama da Hausa, sai dai akwai ta da yabo. Ko alli yaro ya ɗauko mata sai ta yaba. Mu kuwa da muka tashi, in ka ci ɗari bisa ɗari, iyakar abin da za ka ji shi ne "ba laifi".

A ajin akwai Lantana, marainiya, tana hannun kakarta. Lissafi a wurinta kamar shan ruwa. Wata Litinin Malama Halima ta tsayar da ita gaban asambili, ta ce babu kamarta, a tafa mata. Aka tafa. Kafin Laraba masassara ta kwantar da yarinya. Ta warke, amma ba ta dawo ba.

Hedimasta ya ce, "Malam Sule, ajinka ne. Je ka gyara ɓarnar baƙuwarka."

Muka tafi tare da Malama Halima. Muka durƙusa, muka gaida tsohuwa. Ta ce baki ne ya kama mata jika, kuma duk ƙauyen an san wanda ya yi bakin.

"Malam, mi na yi wa Baturiyar nan? Ɗiya guda gare ni, ta ɗaga ta sama kowa ya zuba mata ido."

Na ce, "Iya, a yi haƙuri, ba da mugunta ta yi ba."

Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗin ranar da aka sake yabon Lantana, ranar ta bar boko har abada. A hanya Malama Halima ta tambaye ni yadda yaro zai san ya yi ƙoƙari in ba a yabe shi ba. Na ce mu nan wanda muke so shi muke tsokana, na koya mata kalma ɗaya.

Ranar dubawa mai dubawa ya zo da kwat a cikin zafin nan, ya zauna a baya. Cikin abin da yake ba maki har da ƙarfafa gwiwar yara da yabo, kuma Malama Halima ta sani. Tsohuwa kuma ta ji labari, ta zo ta kafa tallan gyaɗa daidai ƙarƙashin taga.

Aka rubuta lissafi mai wuya. Lantana ta fito ta warware shi tas. Sai na ga hannayen Malama Halima sun ɗaga za su tafa. Ta dubi mai kwat, ta dubi taga, ta sauke hannu.

Ta ce, "Ja'ira, koma ki zauna."

Lantana ta koma tana murmushi har kunne. Daga waje muka ji dariyar tsohuwa. Mai dubawa ya zabtare makin, ya kuma yi mini faɗa don na koya wa ɗalibarsu zagin yara. Da ƙyar Malama Halima ta haye.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki ba yaro kaɗai kake koyarwa ba, har da mai tura shi makaranta. Lantana ta yi karatu har ta zama hedimastata a Faskari. Na yi ritaya a ƙarƙashinta, kuma ranar bikin sallamata ta tashi gaban jama'a, ta dube ni, ta ce, "Malam Sule, ba laifi."