Shekarar da Kyaftin Ya Yi a Gindin Gada

A barikin nan har masu wankin mota Kyaftin suke ce masa. Matarsa ma haka take kiransa, in ranta ya ɓaci ta ja ƙarshen kalmar. Mahaifiyarsa, wadda tsufa ya sa ta daina bambance jikokinta, da ta hango shi za ta ce, "Kyaftin ya zo." Anini ukun nan sun daɗe a kafaɗarsa har muƙami ya zama suna, sunan yanka kuwa sai a katin asibiti.

Injiniyan soja ne, aikinsa gada da hanya da magudanar ruwa. Ɗan birkila ne, ya tashi yana miƙa wa babansa bulo, ya yi karatu da ƙurar siminti a gashin ido. Gajere ne kakkaura, tafin hannunsa kaushi. Ba ya taka gada, ko ta wa ce, bai tsaya ya buga ƙafa ya saurara ba.

Sau biyu kwamitin ƙarin girma yana zama, sau biyu ana tsallake sunansa. Ƙa'idar gidan soja kuwa ba ta da kara: wanda aka tsallake a karo na uku, sai ya tuɓe kaki ya miƙa makullin gida. Zama na uku yana tafe. Sa'o'insa duk sun yi gaba. Wani matashi da shi ya koya wa karanta taswira ya zama Manjo, har an ba shi shugabancin sashensu. Kullum da safe Kyaftin zai ƙame ya sara masa, Manjon ya amsa yana kallon ƙasa kamar wanda ya taka sawun surukinsa.

Dalilin tsallakewar ba ɓoyayye ba ne. Shekarar babbar ambaliya, ruwa ya tafi da gadar da ta haɗa garuruwa da dama da asibiti. Kanar ɗin bataliyar da ke wajen ba shi da injiniyan kirki, sai ya ɗauki waya ya ce wa ogan Kyaftin, "Ara mini mutumin nan naka, takarda za ta biyo baya." Haka ake yi a soja: baki ya ba da umarni, ƙafa ta tafi, takarda ta zo a hankali. Wannan karon takardar ba ta zo ba. Rundunarsa ta rubuta cewa ba ya bakin aiki, bataliyar Kanar kuma ba ta taɓa sa shi cikin mutanenta ba. Babu wanda ya rubuta masa rahoton shekara. A fayil ɗinsa, shekarar da ya yi cikin taɓo har gwiwa ta zama farin gurbi, kwamiti kuwa ba ya ƙara wa gurbi girma.

Akwai ofishin gyaran bayanan aiki a hedikwata, kowa ya san da shi. Kyaftin bai taɓa taka ƙofarsa ba. In an yi masa maganar sai ya ce, "Ni ba maroƙi ba ne. Wanda ya ga aikina ya gani."

Maganar tana da daɗin ji, shi ya sa ba wanda ya leƙa bayanta. A ɗakin hutun hafsoshi, yana shiga ake matsa masa kujera. "An cuci Kyaftin," za su ce, wani ya zuba masa shayi, wani ya girgiza kai. Ƙananan hafsoshi suna ba da labarinsa kamar na waliyyi. Manjo dai ana da su birjik a barikin, amma wanda aka zalunta shi kaɗai ne, kuma a hankali ya fara jin daɗin kujerar.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama don tana koyar da lissafi a makarantar bariki, ita ce ba ta sayi wannan zance ba. Wata Asabar da hantsi yana baranda yana goge takalmi, ta zo ta zauna a kan matakala, ta miƙa hannu cikin akwatin kayan gogewar ta zaro wani tsohon gwangwani. Ta buɗe. Alamun Manjo ne guda biyu a naɗe cikin auduga. Tun kafin zaman farko ya saye su.

"Ajiye mini kayana," in ji shi, bai ɗago ba.

"Mutumin da ba ya so, shi ne kullum yake goge su har ruwan zinaren ya fita?"

"Malama, kin fara."

"Ban fara ba tukuna. Kai ba roƙo kake gudu ba, Baban yara. Tsoro kake ji a cike gurbin nan, a karanta, a ce ai ko da rahoton ma ba ka kai ba. Yanzu kana da uzuri mai kyau, ka rungume shi kamar filo."

Ya ci gaba da goge takalmin da ya riga ya yi ƙyalli.

"In sun ce ban kai ba fa?"

"Sai mu san gaskiya, mu kwashe kayanmu da hujja. Amma ba zan bar gidan nan don wata waya da wani ya buga ba."

Ranar Litinin ya je hedikwata. Ofishin ƙarami ne a ƙarshen baranda, fanka tana kaɗa fayilolin da aka danne da dutse. Wata Laftana mai tabarau ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce abu biyu ake bukata: shaidar cewa ya yi aikin a can, da rahoto daga hannun wanda ya yi aikin a ƙarƙashinsa, ko da ya yi ritaya.

"Yallaɓai, ka makara ƙwarai," ta ce. "Amma ƙofa ba ta rufe ba sai kwamiti ya zauna."

Nan take ta kira tsohon Kanar a waya. Kyaftin yana jin muryar tana fitowa ƙasa-ƙasa: hafsoshi da yawa sun wuce ta hannunsa, gaskiya bai tuna ba.

Bai tuna ba! Mutumin da suka sha ruwa a kofi ɗaya a bakin kogi. Kyaftin ya fito yana huci, kuma a karon farko abin da ke ƙirjinsa ba tausayin kai ba ne, fushi ne mai tsabta. A bakin mota ya tsaya cak. Ya tuna da ƙafar gada.

Sojojin gada suna da wata al'ada tasu wadda ba ta cikin kowane littafi. Ranar da aka zuba kankaren ƙarshe, kafin ya bushe, duk wanda hannunsa ya taɓa aikin zai ɗauki ƙusa ya rubuta lambarsa ta soja a jikin ƙafar gadar, can ƙasa inda mai wucewa ba ya gani. Wanda ya jagoranci aikin shi ke fara rubutawa, ya sa kwanan wata. Wanda bai taɓa siminti ba, ko Janar ne, ba ya karɓar ƙusar.

Suka tafi shi da Malama. Ruwa ya ja baya a lokacin, sai laka da ciyayi. Ya naɗe wando ya gangara, ita tana sama riƙe da takalmansa tana cewa ya kula da maciji, don ba ta shirya zama matar marigayi Kyaftin ba. Manyan motoci suna wucewa a bisa kansa, gadar ko gezau. Ya kankare busasshiyar laka da buroshin ƙarfe, ya watsa ruwa. Lambobi suka fito jere, wasu a karkace, wasu manya kamar rubutun 'yan aji ɗaya. A samansu duka ga tasa, ga kwanan wata. Ya bi sauran da yatsa. Wannan Sajan ne mai waƙa in ana ɗaga ƙarfe, ya rasu. Wannan direban katafila ne. Ya daɗe a tsugune kafin ya ɗauki hoto.

Tsohon Kanar yana zaune a wani gida mai shuke-shuke a bayan gari. A falonsa, sama da talabijin, an rataye babban hoton ranar buɗe gadar: shi ne a tsakiya riƙe da almakashi, ga lambar yabo a cikin gilashi a gefe. Ya karɓi Kyaftin da fara'ar da ta yi yawa.

"A'a! Ɗan birkila! Kana nan da ranka?"

"Ashe an tuna ni, yallaɓai."

Dariyar Kanar ta gajarce. Kyaftin ya ciro hoton ƙafar gadar ya ajiye a kan tebur. Tsohon ya sa tabarau ya duba. Ya san al'adar sarai. Ya bi lambobin daga sama har ƙasa, kamar mai neman tasa lambar, wadda ya san ba ta nan.

Ba mugu ba ne, Kanar. Bai taɓa zama ya ƙulla wa Kyaftin sharri ba. Abin da ya faru ya fi haka sauƙi, ya kuma fi haka muni. Ba shi da ikon aron hafsa ba tare da izinin hedikwata ba, takarda za ta tona wannan. Rahoto kuma dole ya faɗi wanda ya tsara gadar, alhali an riga an rataya wa wani lambar yabo. Sai ya ce gobe, goben ta zama shekaru, har ya koya wa kansa mantuwa.

"Barazana ka zo yi mini a gidana?"

"Gaisuwa na zo, ranka ya daɗe. Sai kuma rahotona."

"In na ƙi fa?"

"Hoton zai shiga fayil ko da rahoto ko babu. Na fi son ya shiga tare da rubutunka, don kada ya yi magana shi kaɗai."

Kanar ya jingina, ya dubi hoton bango, ya dubi na tebur.

"Da can ba ka iya magana haka ba. Wa ya koya maka?"

"Malamar lissafi, yallaɓai."

Tsohon ya yi wata dariya mai tari a ciki. "Zan rubuta. Amma ka sani, gaskiya zan rubuta, har da halinka. Kuma a rufe zai tafi, ba za ka gani ba."

Abin da Kyaftin ya yi shekaru yana gudu ke nan. Ya miƙe ya ƙame, ko da yake babu kaki a jikin kowannensu.

"Shi nake so, yallaɓai."

Ofishin gyara ya tura nasa injiniyan ya je ya duba ƙafar gadar, ya gwada lambobin da sunayen mutanen bataliya. Bayan haka aka kira Kyaftin gaban kwamiti. Dogon tebur ne, manyan hafsoshi a jere, wani Birgediya mai furfura a tsakiya da fayil a gabansa. Ya tambaye shi abu ɗaya: me ya hana shi zuwa tun tuni?

Kyaftin ya buɗe baki zai ce shi ba maroƙi ba ne. Sai ya fasa.

"Tsoro, yallaɓai. Na ji tsoron abin da za a rubuta."

Birgediya ya dube shi ta saman tabarau. Ya buɗe fayil ɗin. "To saurara. Kanar ya ce kai hafsa ne mai taurin kai, ba ka iya neman taimako ba, kuma kana riƙe magana a ciki har ta yi tsami." Wani a gefe ya danne dariya. Birgediya ya juya shafi. "Ya kuma ce shi ya aro ka ba bisa ƙa'ida ba, laifin nasa ne. Layin ƙarshe kuma ya ce: gadar tasa ce, ni almakashi kawai na riƙe."

Kyaftin ya kafe idonsa a bango, yadda aka koya musu a fareti. Bangon ne ya riƙa rawa cikin ƙwallar da ta cika masa ido.

Aka cike gurbin. Aka ba shi Manjo, aka kuma mayar da girman baya zuwa ranar zaman farko, wato ya sha gaban duk waɗanda suka tsallake shi a zama na biyu. Ranar liƙa alama filin fareti ya cika. Kwamanda ya miƙo sababbin alamu a faranti, sai Malama ta buɗe jakarta ta fito da gwangwani.

"Yallaɓai, a yi haƙuri, muna da namu."

Kwamanda ya juya su a tafin hannu. "Waɗannan ai sun koɗe. Wa ya sa su?"

"Ba wanda ya sa su. Guga ce ta cinye su."

Aka kwashe da dariya har masu badujala. Kwamanda ya liƙa ta dama, ita ta liƙa ta hagu, ta danna da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. Matashin Manjon nan ne ya fara zuwa. Ya buga ƙafa har ƙasa ta amsa, ya sara, kuma a karon farko ya dube shi ido cikin ido.

"Oga, wallahi ka sauke mini kaya. Wuyana ya gaji da sunkuyo."

A ɗakin hutu yanzu ba wanda ke matsa masa kujera. Manjo ne kamar sauran, shi ke zuba wa kansa shayi, har ana gulmarsa cewa ya cika takura wa mutane a kan takardar aro. Gaskiya ne: ba ya barin ko kurtu ya bar sashensa da umarnin baki.

Da yamma ranar bikin ya wuce gidan mahaifiyarsa da kakinsa, Malama tana biye da shi. Tana zaune a bakin gado. Ya durƙusa ya kama hannunta ya ɗora a kafaɗarsa, ta shafa ƙarfen, ta shafa kuma.

"Kyaftin ya zo," ta ce.

Malama ta buɗe baki za ta gyara mata. Ya ɗaga mata hannu.

"Na zo, Inna." Ya dubi Malama. "Ke kuma, ƙyale ta. Wannan fayil ɗin a bar shi yadda yake."