Tsohon da Ya Hana Kekuna Shiga Kwarin Kaɗanya

Kullum aka idar da sallar asuba a Pélébina, Baba Rilwanu ba ya tsayawa hira. Ya rataya addarsa, ya cika jarka da ruwa, ya sa takalmansa na tayar mota, ya kama hanyar dajin gwamnati da ƙafa. Tafiyar awa guda ce. In ya isa sai ya duba kwaɗon da ke jikin ƙarfen da aka tare hanya da shi, sannan ya gangara kwari yana tafe yana sunkuyawa kamar wanda ya yar da allura. Ba ya komawa gida sai la'asar ta yi sanyi. Shekara ashirin da shida yana gadin dajin nan. A da aikinsa share hanyar tare wuta ne da korar masu sare itace don gawayi. Bayan gobara aikin ya koma sunkuyo.

Ƙarshen watan jiya aka sallame shi. Ba taro, ba takardar godiya, ko lemon kwalba ba wanda ya miƙa masa. Tunda masu manyan baki sun yi shiru, ni zan faɗa.

Na san shi ta hanyar da ba na yi wa kowa fata. Mijina Iliassou dillalin shanu ne. Bara waccan, cikin Fabrairu, ya je duba bijimai a wata ruga bayan dajin, ya ratsa ta kwarin kaɗanya a kan babur don ya rage hanya. Masu farautar gyazbi sun cinna wuta da tsakar rana, iska ta juya. Baba Rilwanu ne ya ji ƙarar babur ta ɗauke. Ya jiƙa buhu ya yafa a ka, ya shiga hayaƙin, ya goyo shi har bakin kwalta. Tsoho mai shekara sittin da ɗoriya ya goyi ƙato irin Iliassou. Kwana uku mijina ya yi a asibiti a nan Parakou, Allah ya karɓi abinsa. Ranar sadakar bakwai wani tsoho ya yi sallama a ƙofarmu a unguwar Banikanni, hannayensa biyu naɗe da ƙyalle, ya miƙo leda. Hular Iliassou ce, gefe ɗaya a ƙone. Ya ce, "Na ga bai kamata ta kwana a daji ba." Ko abinci bai tsaya ci ba. Sai daga baya aka gaya mini ko wane ne.

Ina fita takaba na shiga motar Djougou, daga can na hau zem, wato babur ɗin haya, zuwa Pélébina, na nemi Baba na ce ya kai ni wurin da abin ya faru. Kwarin baƙi ƙirin yake, kututture ko'ina. Amma gefen hanya, dama da hagu, sai na ga duwatsu uku-uku a jere kamar murhu.

Na ce, "Baba, wa ke girki a nan?"

Ya ce, "Sunkuya, 'yata."

Na sunkuya. A tsakiyar duwatsun ganye ne biyu ja-ja, bai kai tsawon yatsa ba. Ya ce kaɗanya ce. Sama ya ƙone, saiwa tana da rai, ita ce take turo sabon tsiro. Duwatsun don ƙafar mutum da kofaton saniya su kauce ne, kuma suna riƙe danshi. Ya ce in an karya tsiron sau ɗaya, saiwar za ta sake gwadawa. In aka karya na biyu ta gaji, shi ke nan. Damina uku yake nema mata ba tare da an taka ba. Kowane dutse da kansa ya ɗauko shi daga rafi. Ya nuna mini kututturen da ya tarar da Iliassou a gindinsa. Shi ma ya yi tsiro.

To, ga masu keke. Kafin gobara akwai ƙungiyar 'yan Parakou da Djougou masu hawa kekunan nan masu kaurin taya da suke kira VTT. Kowace Lahadi su loda su a mota, su sa hular kwano da wani matsattsen wando da ko a ɗaka ban yarda magidanci ya sa ba, su zo suna gangarowa kwarin a guje suna ihu. Bayan gobara hukumar daji ta rufe kwarin. Sauran dajin a buɗe yake, amma wai shimfiɗe ne, ba daɗi. Shugabansu kuwa ƙanena ne, Zulkifli, uwa ɗaya uba ɗaya, mai shagon kayan babur, shekara arba'in, 'ya'ya huɗu. Kowace Lahadi suna bakin ƙarfen nan suna roƙo, Baba yana zaune a kan dutse yana cewa a'a. Suka sa masa suna Ministan Toka. In ya wuce su ƙame su sara masa suna dariya.

Na kira Zulkifli gida. Ya ce, "Yaya, c'est le sport, ba za ki gane ba. Taya ce faɗin yatsa uku, me za ta kashe?"

Na ce, "Yatsa uku sau mutum arba'in, kowane mako. Kuma a nan mijin yayarka ya ƙone."

Ya ce, "Keke ne ya ƙone shi?"

Na ɗauke kwanon tuwon da na ajiye masa na nuna masa ƙofa.

Abin da suka yi cikin watan Mayu, har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna. Zazzaɓi ya kwantar da Baba kwana huɗu. Sai ƙungiya ta ce ga dama ta samu da za su nuna wa hukuma su ma masu son daji ne. Suka kira aikin gayya. Mutum arba'in da fartanya da manjagara suka kutsa ta ƙarƙashin ƙarfe. Suka kwashe duwatsun nan kaf, wai haɗari ne ga keke, suka tara su tsibi guda. Sannan suka nome gefen hanya fes, taku biyu dama taku biyu hagu, wai ciyawa. Halimatou, mai tsintar ƙwarar kaɗe a ɓangaren da bai ƙone ba, ta rugo tana ɗaga hannu tana yi musu ihu da yaren Yom. Ba wanda ya ji yarenta. Suka miƙa mata ledar ruwa suka ce, "Merci maman."

Ku duba fa. Waɗannan 'ya'yan 'yan kasuwa ne. Uwayensu sun sayar da man kaɗe ƙwarya-ƙwarya a kasuwar Parakou. Da shi aka shafe musu cibiya, da shi aka soya musu ƙosai. Amma mutum arba'in, wasu har da takardar jami'a, ba ɗaya da ya san ganyen kaɗanya tana ƙarama. Zulkifli da kansa ya kawo mini hoton a waya yana washe baki, suna tsaye gaban tsibin duwatsu sun ɗaga fartanya sama.

Halimatou ta ce da Baba ya dawo ya gani, zama ya yi a kan tsibin tun hantsi har azahar. Da ya yi salla sai ya ɗauki duwatsu uku ya nufi inda tsiron farko yake. Ba alama, ba takarda. Ya haddace wuraren a kansa. Mako biyar ya yi yana mayar da su.

A nan ni da shi muka saɓa. Na je na ce, "Baba, ka rubuta sunayensu ka kai wa shef na hukumar daji. Ƙanena ne, amma a kulle shi ko kwana biyu ne."

Ya ce, "Da fartanya suka zo, 'yata, ba da ashana ba. Gyara suka zo yi, ba su iya ba."

Na ce, "To rashin iyawarsu ya kashe maka aikin shekara."

Ya ce, "Bai kashe duka ba. Amma yanzu saura sau ɗaya."

Baba Rilwanu, kai ne ka fi kowa ba ni haushi a duk labarin nan. Kai ne aka yi wa dariya shekara guda ba ka rama ba. Kai ne aka rushe wa aiki ka ƙi faɗin sunan kowa. Na zage ka a zuciyata daga Pélébina har Parakou. Mai taurin kai na bakin kwari, gatan kututture, ni ban iya irin haƙurinka ba, kuma ban tabbata ina son in iya ba.

Cikin Yuli aka yi zama a ofis a Djougou. Na je, na zauna a bencin baya. Ƙungiya ta kawo wasiƙa: suna da babban tsere a Disamba, baƙi za su zo daga Cotonou, masu otal da masu abinci suna jira, kuma ga hoto, sun share hanya da hannunsu. Baba ya tashi ya ce in taya ta bi kwarin bana, tsiron da ya sake fitowa zai karye karo na biyu, kuma jikokinmu ba za su ga kaɗanya a wurin ba. Damina biyu yake roƙo nan gaba. Wani daga cikinsu ya ce, "Minista ya yi jawabi." Aka yi dariya. Shef ya buɗe wata takarda ya ce ai shekarun Baba ma sun kai, ƙarshen Disamba zai huta. Game da tsere kuwa, dole a samu hanya mai gangara kafin lokacin, ko ta ina.

Baba ya ce, "Ko ta ina, shef?"

Shef yana haɗa takardunsa ya ce, "Ko ta ina."

Yamma da kwarin akwai wani tudu, fako da dutse zalla, ko akuya ba ta samun abin ci a kai. Washegari Baba ya hau shi da diga. Wata huɗu, cikin ruwan Agusta da Satumba, shi kaɗai yana fasa hanya. Mutumin da bai taɓa hawa keke ba a rayuwarsa. Na tambaye shi yadda yake sanin kwanar da keke zai iya sha. Ya nuna mini baro. Yana cika shi da duwatsu ya turo shi daga sama. In baron ya sha kwanar bai kife ba, ta yi. In ya kife, ya ƙara faɗi. Dutse ya fasa masa babban yatsan ƙafa, ya ɗaure da ƙyalle ya ci gaba. Sau biyu na kai masa dambu da magani, sau biyu na ce, "Baba, mutanen da suka kore ka kake yi wa hanyar wasa?" Ya ce ba su yake yi wa ba.

A Nuwamba ya aika a kira Zulkifli ya zo da kekensa, shi kaɗai. Zulkifli ya gangaro tudun, ya faɗi sau biyu, ya iso ƙasa gwiwar hannu tana jini yana dariya, yana cewa wallahi wannan ta fi kwarin sau goma. Baba ya ce, "To jingine keken, zo." Ya shiga da shi kwarin da ƙafa. A kowane murhun duwatsu sai ya sa shi ya sunkuya. Wani da ganye. Wani ba komai sai ƙasa. Tun daga bakin hanya har rafi. Kusan ɗaya cikin uku babu komai. Zulkifli ya zo gidana da yammar nan, ya zauna a tabarma, bai yi Faransanci ko kalma ɗaya ba. Na tambaye shi tsiron gindin kututturen Iliassou. Ya ce yana nan. Sai na zuba masa tuwo.

An yi tsere a kan tudu. Na je. An sa lasifika, shef ya yi jawabi, ya gode wa ƙungiya saboda sabuwar hanya. Saboda sabuwar hanya! Na duba ko'ina ban ga Baba ba. Ashe yana can ƙasa da sanda yana tare shanun Fulani kada su ratsa gaban masu keke.

Ranar da zai ajiye aiki, shef ya ce ba a turo sabon mai gadi ba tukuna, kuma ba a san ranar ba, sai Baba ya zaɓi wanda zai riƙe makullin kwarin kafin nan. Ya ciro shi daga aljihu ya sa a hannun Zulkifli.

Na ce, "Baba, duk Djougou da Parakou ka rasa wanda za ka ba sai shugaban masu ɓarnar?"

Ya ce, "Shi ne ya sunkuya ya ga inda babu komai. Wanda bai gani ba, da an roƙe shi zai buɗe."

Baba Rilwanu, na gode. Na gode da bayanka da ya ɗauki mijina, na gode da hannayenka da suka ƙone, da yatsanka da ya fashe. Allah ya ba ka lafiyar cin hutun da ba ka nema ba, ya saka maka da inuwar da ba ta ƙonewa. Ku kuma masu karatu, in kun ga tsoho ya tare hanya ya ce a'a, kafin ku sa masa suna ku tambaye shi me yake gani a ƙasa. Wanda ke da Lahadi ɗaya da ba ya komai, ya je Pélébina, Baba yana gida yanzu, zai nuna masa aikin.

Kai kuma Zulkifli, da gangan na rubuta sunanka har da sana'arka, don kowa ya san a aljihun wa makullin yake. Saura damina biyu. Abokanka za su roƙe ka, na san su, na san ka. In ka buɗe kafin lokaci, kada ka biyo ta Banikanni.