Mun Ƙoshi, Ranka Shi Daɗe

A shekarar da gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, muna wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe, sojoji kuma ke riƙe da ƙasa. Shekaruna kamar tara, ƙanena Sanusi bai wuce biyar ba. Babanmu ya tsallaka Najeriya neman abin da za mu ci, ya bar mu da innarmu da kakarmu. Abincinmu anza ne, ƴaƴan icen nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Da an yi sallar magariba Kaka takan aza tukunyar, ta tara mu bakin murhu ta kama tatsuniya don kada mu yi ta kuka kafin a sauke. Har yau ina ganin hannunta yana tura kara cikin wuta, ɗayan kuma yana bisa kan Sanusi.

Wata rana mai gari ya bi gida gida ya ce wani babban soja zai kawo ziyara, kuma an aiko mashi daga Mayahi cewa kada kowa ya ambaci yunwa. Aka wanke mu, aka shafa mana mai, aka ɓoye yaran da cikinsu ya kumbura a ɗaka. Muka yi layi cikin rana muna tafi. Sojan ya tambayi dattawa ya gari, suka ce lafiya lau. Ya shiga motarsa ya tafi. A makon nan aka binne yara uku a unguwarmu.

Da yammacin ranar ziyarar Kaka ba ta buɗe tatsuniya yadda ta saba ba. Cewa kawai ta yi mu matso, wannan gajeruwa ce.

Wai an yi fari a garin tsuntsaye, sai shaho ya sauko ya ce daga yau shi zai tsare masu rumbu. Ya hau kan rumbun ya zauna. Kullum da safe yakan tara su ya tambaye su ko sun ci, su kuma su amsa da waƙa: "Mun ƙoshi, ranka shi daɗe." Ranar farko kowa ya yi, zabi da hasbiya da buwa da kurciya, har ƙasa na amsawa. Nan Kaka ta sa mu duka muka rera tare da ita. Da aka zo safiya ta biyu ta ɗora yatsa a bakin ɗiyar maƙwabtanmu, ta ce zabuwa ba ta zo ba. A ta uku ta rufe nawa. Haka ta bi mu ɗaya ɗaya har ya rage ita kaɗai, ta rera da wata siririyar murya, ita ce kurciya. Shaho ya tambayi ina sauran, kurciya ta ce ƙoshi ne ya hana su tashi. Shaho ya ji daɗi ya gyara zama.

Muka jira a kashe shaho, Kaka ta kama rabon anza. Na ce ai ba ta ƙare ba.

"Ta ƙare, ɗiyata," in ji ta. "Ku ci tun da zahi, in ya huce ɗaci yake ƙarawa."

Shekaru suka wuce, Kaka ta rasu, na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa. Sojoji suka tafi, wasu suka dawo, damina kuma ta sake yin gardama. A lokacin ne kiɗan rap ya shigo wa samari, Sanusi da abokansa huɗu suka yi kaset ɗinsu. Baitocin duk yabon ruwa ne da cikar rumbu, amshin kuma layin tatsuniyar Kaka ne, "Mun ƙoshi, ranka shi daɗe". Karon farko su biyar suke faɗinsa. Kowane zagaye murya ɗaya takan ɓace, har a ƙarshe ganga ta tsaya, Sanusi ya faɗe shi shi kaɗai. Ranar da na fara ji sai da na zauna a ƙasa.

Masu mulki suka ɗauka yabo ne, aka dinga sa waƙar a lasifika duk inda wani babba ya sauka. Wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya ƙona mani rai shi ne masu boko. A ɗakin malamai wani abokin aikina, Mushe Iliya, wanda ya girma a babban birni kan shinkafa, ya tsaya yana fassara mana layin rabi Hausa rabi Faransanci. Ya ce maimaitawar alama ce ta yaro ba shi da abin faɗi, roƙo ne kawai aka sa wa ganga, kuma abin kunya ne matashi ya yi wa bindiga kirari mutane na kwana da yunwa. Ya san waƙar ƙanena ce, yana yi yana duba na.

Bayanin yana bakina, minti ɗaya ya isa. Amma a ɗakin akwai wanda kowa ya san yana shan shayi da jandarmomi, kuma in na wanke Sanusi da safe, a kulle zai kwana. Na sunkuyar da kai na ci gaba da gyaran takardun yara. Samari suka dinga kiran Sanusi maroƙi a hanya, biyu daga cikin abokan suka janye. Bai kare kansa wurin kowa ba, kuma bai sake yin wata waƙa ba. Yanzu gyaran rediyo yake a bakin kasuwa.

Na daɗe ina jin haushin Kaka da ta bar shaho bisa rumbu. Sai da na yi shirun nan na gane ba ta da wani ƙarshen da za ta ba mu wanda ba ƙarya ba, ita kuwa ta gaji da ƙarya tun da rana. Haushin da bai sake ni ba na Mushe Iliya ne da ire-irensa. Sun ji waƙar sau ɗari, sun iya tsinka ta kalma kalma, amma ko ɗaya a cikinsu bai taɓa tambayar ina sauran muryoyin suka tafi ba.